Bayan BAC, Ina Aka Dosa? Abin Da Ke Yanke Wa Ɗaliban Tarminal Shawara A Ƙonni, Malbaza Da Illela

Duk shekara in damina ta faɗi, abu biyu ne ke haɗuwa a gidajenmu: shuka da jarrabawa. Iyaye na duban sama suna jiran ruwa, ɗaliban ajin ƙarshe na lise, wato tarminal, suna ta tilawar darussa suna jiran BAC. A daidai wannan lokaci ne kuma tambaya ɗaya ke yawo a fadodin samari, da zaurukan dattawa, da wayoyin da masu saurare ke bugo mana nan gidan rediyo: in an ci, ina za a? In ba a ci ba, sai me?

Mun saba ɗaukar wannan shawara kamar ta yaro ce shi kaɗai. In ya tafi jami'a mu ce mai himma ne, in ya ajiye biro ya kama kabu-kabu mu ce ya lalace, in yarinya ta yi aure mu ce dama ba ta son karatun. Amma wanda ya zauna ya duba lamarin da idon basira zai ga cewa kafin ɗalibi ya buɗe baki ya faɗi abin da yake so, an riga an yanke masa fiye da rabin shawarar. Garin da aka haife shi, aljihun gidansu, ajin da aka jefa shi shekara uku da suka wuce, abin da yake gani a bakin iyaka, da kuma ko namiji ne ko mace, su ne ke riƙe da linzamin. Wannan shi ne abin da muke son mu tattauna a kai yau.

Mu fara da abin da ba a son faɗi. Daga 2021 zuwa 2023, waɗanda suka ci BAC a faɗin Nijar ba su taɓa kai kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba. Ke nan a cikin ɗalibai goma, bakwai ko fiye za su koma gida ba takarda. Saboda haka ga mafi yawan ɗiyanmu, babbar shawarar ba ta zaɓen jami'a ba ce. Ita ce: in maimaita ajin, in sake zama a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ko in haƙura in nemi abin yi? Kuma amsar ba ta cika fitowa daga ƙwaƙwalwar yaro ba, daga rumbun gidansu take fitowa.

An yanke ta tun daga ƙofar lise

Bayan ɗalibi ya ci BEPC ya shigo lise, ana raba su gida biyu: ɓangaren adabi da harsuna, wato seri A, da ɓangaren lissafi da kimiyya, wanda daga baya yake rabuwa zuwa seri C da seri D. Wannan rabon, da ake yi wa yaro ɗan shekara 15 ko 16, shi ne ke buɗe wasu ƙofofi ya rufe wasu. Mai BAC na seri A yana iya karanta shari'a, ko tarihi, ko harsuna, ko aikin jarida. Amma likitanci, da aikin injiniya, da kimiyyar noma, ƙofofinsu na ƴan C da D ne.

To wa ke zaɓa? A kan takarda, maki ne da ra'ayin ɗalibi. A zahiri kuwa, yaron da ya yi shekara huɗu a kwalejin ƙauye, cikin ajin zana, inda malamin lissafi ɗaya ke yawo tsakanin ajujuwa ko ma a yi watanni babu shi, da wane maki zai shiga ɓangaren kimiyya? Bai taɓa ganin ɗakin gwaje-gwaje ba, sai a hoton littafi. Ba don kansa bai ja ba ne ya faɗa seri A, a'a, can ne kawai aka bar masa hanya. Shi ya sa kowace shekara ƴan seri A suka fi yawa a cikin masu zana BAC, ƴan seri C kuwa a ƙasar baki ɗaya ba su taka kara sun karya ba.

Abin takaicin shi ne, dubi ayyukan da ke bakin ƙofarmu. Masana'antar siminti ta Malbaza tana buƙatar masu ilimin lantarki da injuna da sinadarai. Filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, wanda madatsun ruwan Mozage da Zango ke shayarwa, yana buƙatar masana ruwa da ƙasa da iri. Asibitin Galmi da sauran asibitocinmu suna buƙatar likitoci da malaman jinya da unguwarzoma. Albasar Galmi da sunanta ya zagaye Afirka ta Yamma tana ruɓewa a rumbu saboda ƙarancin dabarun adanawa. Duk waɗannan suna kiran ɗan kimiyya ne, mu kuma muna tura mafi yawan ɗiyanmu ta wata hanyar ba tare da mun ma san an yi ba. Iyaye da yawa sai a tarminal suke jin kalmar "seri" karo na farko. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Nisa da masauki

Abu na biyu shi ne hanya. Mafi yawan ajujuwan lise suna manyan garuruwa ne. Ɗan ƙauyen Bazaga ko Alela, ko na karkarar Dogarawa, ko na Tajaye, tun yana ƙarami yake barin gida ya zauna hannun mai masauki. Wanda ya dace da mutumin kirki ya gode Allah. Wani kuwa shi ne ɗan aike, shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai tsaron shago, sai dare ya raba ya buɗe littafi da fitilar waya. Wasu su haɗu su biyar su kama ɗaki ɗaya, ranar kasuwa a aiko masu da ɗan gero daga gida, in ya ƙare kafin wata kasuwar sai haƙuri.

Yaron da ya yi shekara bakwai a wannan hali, in ya kai tarminal ya gaji. Sai kuma a ce masa gaba akwai wata tafiyar da ta fi wannan. Jami'ar da ta fi kusa da mu a cikin ƙasarmu ita ce Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, kimanin kilomita 130 daga Ƙonni, ga ƴan Illela da Badagishiri ma ta fi haka kusa. Tana koyar da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, tana kuma da cibiyar koyar da fasaha ta IUT. Amma mai son likitanci sai ya dangana da Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai da ke da nisan sama da kilomita 400. Nan ne za ka ga ɗalibi ya zaɓi fanni ba don shi yake so ba, sai don a garin ne yake da kawu ko yayar uwa da za ta ba shi wurin kwana. Da yawa daga cikin ɗiyanmu ba fanni suke zaɓa ba, masauki suke zaɓa.

Lissafin da ake yi a tsakar gida

Abu na uku shi ne kuɗi, kuma a nan bai kamata mu yi wa iyaye kallon jahilai ba. Lissafinsu yana kan hanya. Uba ya ƙidaya: shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji, uku a lise, goma sha uku ke nan in ba a maimaita ko aji ɗaya ba. Yanzu a ƙara uku na digirin farko, waɗanda a jami'o'inmu sukan zarce uku saboda yajin aiki da shekarun karatu da ke hawa kan juna. In an gama a yi bautar ƙasa shekara biyu. Bayan nan a shiga layin jira, wataƙila a samu kwantaragin koyarwa, wataƙila a dawo fada ana shan shayi. Sai ka ji dattijo na cewa: "To mi za shi kawo muna, kuma yaushe?" Ba ƙin ilimi ba ne, tambaya ce ta wanda ke ciyar da baki goma sha biyar.

Akwai tallafin karatu na gwamnati, wato burs, da hukumar ANAB ke rabawa. Sai dai ana duba maki, ana kuma duba shekarun haihuwa. A nan ma ɗan ƙauye ne ke faɗuwa: an sa shi makaranta a makare, ya maimaita aji ɗaya ko biyu saboda zaman masauki, ga shi takardar haihuwarsa sai daga baya aka yi ta a kotu da kintacen shekaru. Ko wanda ya samu burs ɗin, kowa ya san yadda biyan ke jinkiri, shi ne ma dalilin da ya sa ƙungiyar ɗalibai ta USN ta sha fitowa zanga-zanga. Ɗan mai hali yana iya jira, gida za su aiko. Ɗan talaka in wata uku suka wuce ba a biya ba, tasha zai nufa.

Shi ya sa jarrabawar ɗaukar aiki, wadda ɗalibai ke kira kwankur, take da farin jini ƙwarai: soja, jandarma, garda, ɗan sanda, duwan. Horo ne na ɗan lokaci, albashi kuma tabbas. Da yake matsalar tsaro ta sa hukuma ta ƙara yawan ɗaukar jami'ai a ƴan shekarun nan, wannan ƙofa ta ƙara faɗi. Aiki ne na mutunci da sadaukarwa, ba mai musu. Abin da muke cewa kawai shi ne, akwai bambanci tsakanin saurayin da ya shiga don yana so, da wanda ya shiga don shi ne ɗan fari kuma ba wata hanya.

Abin da ido ke gani

Abu na huɗu ya shafi yankinmu fiye da wurare da dama. Ƙonni gari ne na iyaka. Tsakaninta da Illela ta Najeriya, takwarar tamu Illelar, tafiyar ƴan mintoci ce. Ɗalibin tarminal yana tafiya makaranta a ƙasa da yunwa, sai abokinsa da suka bar aji tare tun a kwaleji ya wuce shi a kan sabon babur, ya samu kuɗinsa a ruwa-ruwa ko fiton kaya ko canjin naira da sefa. A Galmi da Tsarnawa da Gidan Idar, matashi na iya kama fili ya yi albasa, cikin wata huɗu zuwa biyar ya ga kuɗi a hannu. A ƙasar Adar kuma tafiya biɗa gado ce: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya, tun 2014 kuma ga zinariyar Jado da Cibarakaten. Wanda ya dawo ya gina ɗakin siminti ya yi aure, shi ne abin kwatance a gari. Gani kuwa ya kori ji.

Amma ƴan shekarun nan sun koya mana darasi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 har Disamban 2020. A ranar 29 ga Mayun 2023 ta janye tallafin man fetur, ribar ruwa-ruwa ta ruguje kusan dare ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga can, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Duk wanda ke Ƙonni a lokacin ya ga layin manyan motoci a tsaye, ya ga samarin da suka bar aji saboda iyaka suna zaune ba aikin ba karatun. Albasa ma kasuwarta hawa da sauka ce: wanda ya sayar lokacin girbi da wanda ya iya ajiyewa zuwa damina, kamar ba abu ɗaya suka noma ba. Sana'ar da ta dogara da buɗewar ƙofar da makullinta ke hannun wasu, ba a gina rayuwa a kanta ita kaɗai.

Iyakar tana da wata fuskar kuma. Sakkwato ta fi Tawa kusa da Ƙonni, tana da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da wasu manyan makarantu, ga dangi ta kowane ɓangare. Gidajen da ke da ƴan'uwa can sukan yi tunanin tura yaro. Sai dai karatun da Ingilishi ne, kuma in an dawo dole a kai takardar hukumar OBEECS ta tantance matsayinta kafin a nemi aikin gwamnati da ita. Haka nan ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda gidajen malamai suka fi natsuwa da su, hankalinsu ya fi karkata ga Jami'ar Musulunci ta Sayi ko Azhar ko Madina. Su ma yana da kyau tun da wuri su tambayi kansu aikin da za su dawo su yi.

In ɗiya mace ce

Duk abin da muka lissafa, in aka zo kan ɗiya mace sai a ninka shi. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Ke nan yarinyar da ta kai tarminal ta riga ta tsallake siraɗi. Ƙawayenta na ƙuruciya suna goye da na biyu, gwaggwanni sun fara magana, mai neman aure ya gaji da jira. In ta faɗi BAC sau ɗaya, da wuya a ba ta dama ta biyu irin wadda za a ba ɗan'uwanta namiji. In ta ci, tambayar farko ba "me kike son karantawa" ba ce, "a hannun wa za ki zauna" ce.

Damuwar iyaye a nan gaskiya ce, ba wanda ke son ya jefa ɗiyarsa garin da ba mai sa mata ido. Shi ya sa ƴan mata da yawa ke karkata ga horo gajere kuma na kusa, kamar makarantar horon malamai ta Kawsan da ke Tawa ko makarantun kiwon lafiya. Hanyoyi ne masu albarka. Amma mu tuna, mu ne kuma ke ƙorafi in matanmu suka je asibiti ba su tarar da likita mace ba. Likita mace ba daga sama take faɗowa ba, ɗiyar wani ce da aka bari ta yi nisa. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ɗiya mace, amma doka ba ta shiga tsakar gida sai masu gida sun buɗe mata. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: a Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754, ɗiyarsa Nana Asma'u kuwa ita ta kafa tsarin ƴan taru, mata na bin ƙauyuka suna karantar da mata. Aure da karatu ba kishiyoyi ba ne, in an yi sharaɗi tun wurin neman aure kuma aka riƙe alkawari.

Wanda ke da mai faɗa masa

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a cika lura da shi ba, alhali shi ya fi sauƙin gyara: labari. Ɗan ma'aikaci yana da wanda zai gaya masa ranar da ake rufe karɓar takardu, da fannin da ke da aiki, da yadda ake neman burs, da cewa akwai makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG a Yamai, ko cibiyar koyon aikin gona ta IPDR a Kollo. Ɗan manomi wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai tarminal, daga bakin abokai a fada ko a WhatsApp yake tsintar labari, rabi gaskiya rabi jita-jita. Su biyun suna iya fitowa da maki ɗaya, amma ɗaya ya san ƙofa goma, ɗaya ya san biyu.

Talauci ba zai kau a shekara ɗaya ba, Yamai kuma ba za ta matso kusa ba. Amma wannan gibin na labari muna iya cike shi da abin da ke hannunmu. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara su riƙa zama da iyaye tun yara na ajin ƙarshe na kwaleji, a yi masu bayanin seri da Hausa, kafin a yi rabon ba bayan an yi ba. Ɗalibanmu na jami'a da ke dawowa hutu su ware yini ɗaya su shiga tsofaffin makarantunsu su faɗa wa ƙannensu gaskiyar abin da ke can, daɗinsa da wuyarsa. Ƙungiyoyin ƴan asalin garuruwanmu da ke Tawa da Maraɗi da Yamai su ɗauki maganar masauki da muhimmanci, musamman na ƴan mata: gida ɗaya amintacce yana iya sauya shawarar iyaye goma. Magadan gari su taimaka a yi wa yara takardun haihuwa da wuri. Attajiranmu na albasa da sufuri da ƴan biɗa da Allah ya buɗa wa, ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya bai kai kuɗin bikin da muke gani ba. Hukuma kuma, in ana son ƴan kimiyya, sai an kai malaman lissafi da kimiyya kwalejojin karkara, an kuma biya su a kan lokaci don su zauna.

Ku kuma ɗalibai, ba muna cewa ba ku da ta cewa ba ne. Sanin abin da ke tura ka shi ne matakin farko na tsayawa da ƙafarka. Kafin ka ce "ni soja za ni" ko "ni Abijan za ni", kafin ki ce "ni na haƙura", ku tambayi kanku: ni ne na zaɓa, ko kuwa ita kaɗai ce hanyar da aka nuna mini? Ku je wurin malamanku, ku nemi waɗanda suka riga ku, matambayi ba ya ɓata. Wanda bai ci ba kuma ya sani cewa faɗuwa ɗaya ba ita ce ƙarshen karatu ba, akwai maimaici, akwai cibiyoyin koyon sana'a, kuma ilimin shekara goma sha uku yana amfani ko a gonar albasa ko a kanti.

Mu a nan ƙofarmu a buɗe take. Malamai, iyaye, tsofaffin ɗalibai, duk mai bayanin da zai amfani yaran nan ya zo mu ba shi makirfo, ko ya bugo a ji ta bakinsa. Allah ya ba ɗiyanmu sa'ar jarrabawa, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.